Jiniyar Azahar a Gidan Casa

A Gamboru akwai wani gidan casar shinkafa da nake yi wa aikin lantarki. Mai gidan, wani Alhaji ɗan asalin Kano, ya sayo na'urar da ke sarrafa gudun injin fanka, wadda muke kira inbata. Fankar ce ke tura iskar murhu cikin shinkafar da aka turara don ta bushe. In ta tsaya alhali wuta na ci, shinkafar ƙonewa take yi.

Alhaji ya ce in haɗa jiniyar da za ta yi kuka idan fanka ta samu matsala.

"Amma ƙarama, Malam. Ka san garin nan. Ka sa babba sai kasuwa ta watse."

Na ce ai wannan ba aiki ba ne. Alhali ban taɓa saita irin wannan inbata ba. Littafinta da Turanci yake, ni kuwa a firamare muka rabu da Turanci, kuma girman kai bai bar ni na tambayi kowa ba. A cikin na'urar ana zaɓar abin da zai tayar da jiniya: ko lalacewa kaɗai, ko tsayawa kowace iri. Na yi ta danne-danne, na kashe fanka, jiniya ta ɗan yi kuka ta yi shiru. Na ce aiki ya yi kyau. Ashe tsayawa na zaɓa.

A gidan ba a barin inji yana aiki lokacin salla. Mai kula da murhu, wani dattijo Babarbare, yakan janye itacen, ya kashe fanka, sannan ya ɗauki buta. Saboda haka jiniyata ta koma kuka kowace azahar da la'asar. Teloli da masu kayan miya na layin suka saba, da sun ji ta sai su fara naɗe hannun riga.

Ban daɗe ba na gane kuskurena, gyaransa kuma danna maɓalli ne kawai. Sai dai Alhaji ya riga ya fara nuna ni ga baƙi.

"Wannan bawan Allah har inji ya koya wa lokacin salla."

Ni da nake haɗa azahar da la'asar in aiki ya yi yawa, sai in sunkuyar da kai in ce ai ba komai. A masallaci aka fara matsa mini wuri a sahun gaba. Na bar maɓallin yadda yake.

Wata rana wani manomi daga Konduga ya kawo noman shekararsa gaba ɗaya, abincin gidansa. Aka turara, aka zuba a busarwa. Rana ba ta kai tsaka ba fanka ta cije, inbata ta yanke mata wuta, jiniya ta yi kuka. Karon farko ke nan da ta faɗi abin da aka sa ta faɗa. Dattijon yana can bayan ginin wajen ɗibar itace, ya ɗauka Alhaji ne ya kashe ya janye wutar. Alhaji ya ɗauka dattijon ne. Ma'aikata suka nufi famfo.

"Yau azahar ta yi sammako," in ji wani lebura.

"Kai ka fi inji sanin lokaci?" ɗan'uwansa ya ce. "Matsa, ba ni buta."

Ina wurin. Na dubi inuwa, na san lokaci bai yi ba, na san abin da kukan yake nufi. Amma in na ruga wajen murhu, kowa zai tambayi dalili. Na tsuguna na fara wanke hannu. Ina kan shafar kai ƙaurin ya iso mana.

Aka kwashe abin da ya kwasu, fiye da rabi ya yi baƙi. Alhaji na ta cewa ƙaddara. Na ja manomin gefe na gaya masa komai, har da inuwar da na duba. Ya ɗebi shinkafar a tafinsa, ya murje ta, ta zama gari.

"Ɗana, ashe ka sani?"

"Na sani, Baba."

"To alwalar ta mece ce?"

Ya fara ɗaure bakin buhunan da suka tsira. Na miƙa hannu in kama masa ɗaya zuwa mota, ya ce in bari, zai iya.