Lomar Farko a Gidan Sahabi

Na dawo Yelwa daga karatu ina ganin hali daban ne, ciwo daban. Labarin Sahabi ya sa har yau ban san inda ɗaya ke ƙarewa ɗayan ya fara ba.

Sahabi masunci ne a wani tsibiri cikin kogin Kwara. Tun yana saurayi bai yarda da kowa ba. Kullum da safe sai ya bi tarunsa yana neman inda aka taɓa. Matarsa ta gaji da zargi ta tafi. Ƙanwarsa Tamada ce ta ci gaba da dafa masa abinci, kuma ba ya sa hannu a akushi sai ta yi lomar farko a gabansa.

"Fara ci," zai ce.

"Yaya, da zan kashe ka, ai da tuni ciyawa ta rufe kabarinka."

"Ke dai fara ci."

Da ruwan madatsar Kainji ya ci tsibirin, aka kwashe su zuwa gidajen siminti a bakin tafki, ta wajen Ngaski. Sahabi ya ce don shi aka shirya abin. Aka yi dariya. Daga baya ya daina faɗa, ya daina fita su, taru ya bushe a rataye, ya bi ya rame. Maƙwabta suka ce halinsa ne. Ba wanda ya je dubiya, don ba a yi wa mutum sannu da hali.

Tamada ce ta roƙi Mamuda mai kwalekwale suka kai shi asibiti. Likita ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani ya hau kan tsohon halin, kuma da an ƙara jinkiri da an rasa shi. Magani ya ɗauke damuwar sannu a hankali, bai taɓa zargin ba. Sahabi ya koma su, ya kuma ce Mamuda ya sace masa ƙugiyoyi a hanyar asibiti.

Bayan rasuwarsa na tambayi Tamada, "Inna, yaya kika gane ciwo ne, alhali kowa na cewa hali?"

Ta ce, "Ɗan nan, tuwo na ajiye masa, ya ɗan ci bai ce in fara ba. Nan na san ko ya mutu bai damu ba. Ranar da ya sake hararata ya ce fara ci, sai da na yi hamdala."