Raɗar Kawu Mai Janareta

Kawuna ya tsufa yana kula da janaretan ofishin ƙaramar hukuma. Rigarsa kullum warin mai, muryarsa kuwa sai ka ce faɗa yake, don a wurin nan in ba ka ɗaga murya ba, injin ya haɗiye maganarka.

Da aka jera farantan sola a kan rufi, aka sa fitilu marasa jan wuta, mun zaci zai yi fushi. Ina! Bokiti ya saya da tsumma, ya ce rana ce sabon injinsa. Kowace safiya yana can sama yana goge gilashi, yana waƙa.

Muryar ce dai ta ƙi sauka. Rannan ya matsa kusa da mai shara, bazawarar da ya daɗe yana so, ya yi mata abin da yake kira raɗa: "Ni fa aurenki nake so!"

Ofis ya yi tsit. Sai akawu ya leƙo ta taga: "Mun shaida, Baba!"

Mai shara ta jingine tsintsiya tana dariya. "Shekara da shekaru ina ganin bakinka yana motsi. Ashe abin da kake faɗa ke nan?"