Limun Goggo Ululani

Goggo Ululani ta garin Wai'anae na bakin teku ta tsufa tana yanka poke, kuma har gobe ba ta yarda a kira abin da ake sayarwa a Waikiki, unguwar masu yawon buɗe ido, da wannan suna ba. Nata ɗanyen kifi ne kamun safiya, a yanka gutsi-gutsi, a barbaɗa gishirin teku da dakakken ƙwallon itacen kukui, sai limu, jar ciyawar nan da ke fitowa a kan duwatsun da igiyar ruwa ke duka. In babu limu, in ji ta, kifi ne kawai da aka manta ba a dafa ba.

A dutse ɗaya danginsu ke tsinkar limu tun kaka da kakanni, kuma ita kaɗai ta rage da ta san hanyarsa. Da farce ake tsinke kan, a bar saiwar, a murje abin da aka tsinka cikin ruwan wurin don iri ya koma.

Sai poke ya zama abin yayi. Kowane lungu shago, ana lafta masa mangwaro da mayonis, kai, har da kaza! Kaipo, ɗan ƙaninta, magidanci da furfurarsa, ya samu wani gidan abinci da ke neman limu buhu-buhu. Ya zo da daɗin baki, wai yana so ya koyi sana'ar gado. Baiwar Allah har da hawayen murna, ta kai shi ta nuna masa wurin.

Ciwon gwiwa ya kwantar da ita wata da watanni. Da ta miƙe ta lallaɓa ta je, ta tarar da dutsen ƙwal kamar an aske shi. Da ƙarfe aka kankare, har saiwa.

"Goggo, ai zai sake fitowa," in ji Kaipo da ta tsare shi, yana sosa ƙeya.

"Daga ina, Kaipo? Me ka bar masa?"

Ta matsa masa sai da ya kai ta gidan abincin, ko ta ga masu cin ta ɗan samu sanyi. Ina! Baƙi ne ke ɗaukar hoton kwano, sannan su ture jar ciyawar gefe da cokali, sun ɗauka ado ce. Ma'aikaciya ta zo ta kwashe kwanukan, tana juye limun da ke cikinsu a kwandon shara ɗaya bayan ɗaya. Goggo ta bi ta da ido, ko ruwan da aka ajiye mata ba ta taɓa ba.