Saƙon da Baba Ilu Bai Buɗe Ba

Kafin in shiga uku, ni mai gyaran na'urorin wasan gem ne da talabijin a bayan wani shago a Suwaidi, cikin Riyad. Daga Katsina na je, iƙamata, wato takardar izinin zama, lafiya lau, kafilina da ya tsaya mini bai taɓa tauye mini haƙƙi ba. Ciwona ɗaya ne: ba na iya zama. Ina aiki ƙafata na rawa. In na ga sa'ana ya wuce a mota sai in ji kamar ni kaɗai aka bari a tasha.

A unguwar Shifa nake kwana, gida ɗaya da Baba Ilu, dattijo mutumin Maraɗi, direban tirela tsakanin Riyad da Dubai. Ya tsufa a kan hanyar nan ba a taɓa kama shi da ko allura ba. Iƙamarsa ce ke ci da gidansa, kuma burinsa kullum ya kawo matarsa Umra kafin ya ajiye tuƙi. Kun san al'adarmu ta saƙo: ɗan uwa ya ba ka ƙunshi, ka kai, ba ka buɗewa. Baba Ilu ya riƙe wannan kamar addini.

Sai aka fito da wani sabon gem na hannu a ƙasashen waje. Kamfanin da ke da izinin kawo shi Saudiyya ya ce sai an jira ranar da ya sa. Su kuwa samarin Larabawa ina suka ga haƙuri! Kullum suna bakin shago suna tambaya. Mai shagon ya dube ni ya ce, "In ka samo, ba zan tambaye ka daga ina ba." Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba.

Ina da aboki a Dubai. Ya cusa guda biyu a kwalin turare, na roƙi Baba ya taho mini da saƙo. Ranar da suka iso, kafin la'asar an saye. Daga biyu sai kwali, daga kwali sai kwalaye. Wata rana Baba yana saukewa ya dafe ƙugu ya ce, "Ɗana, turaren nan naka kullum nauyi yake ƙarawa." Na ce, "Har da kayan gyara, Baba." Ya ce, "To, Allah ya sa albarka. Ni dai ba na buɗe saƙon mutum." Na yi dariyar yaƙe.

Zarin bai tsaya nan ba. Masu saye suna son garanti, sai na fara buga takardar garanti ta bogi ina mannawa. Na wani yaro ya lalace, ubansa ya ɗauka ya kai wa kamfanin. Suka duba lamba suka ce ba nasu ba ne, su ko fara sayarwa ba su yi ba. Suka maka shagon a kotu. Lauyan shago ya ce kaya na asali ne, da kuɗi aka saya, ina laifin? Lauyan kamfani ya ce kafin ranar fitowa babu mai ikon shigo da shi sai su. Ana ta wannan ja-in-ja, alƙali ya yi tambaya ɗaya: ta wace hanya kayan suka shigo?

A lokacin akwai kwalaye a motar Baba, yana hanya. Waya tana hannuna. Na kai gwauro na kai mari a ɗaki, in danna lambarsa in goge. Na ce wa kaina wannan karon ma zai wuce. Ban kira ba. A bakin iyaka 'yan kwastan suka farke kwalayen a gabansa.

Manya suka sasanta da biyan tara, shago ya ci gaba da ciniki. Mu aka bari da laifin fasa-ƙwauri da jabu. Ranar da aka haɗa mu gaban alƙali, Baba ya dube ni ya ce, "Ba turare ka ce ba?" Nan na faɗi gaskiya, cewa bai san komai ba. Wannan ya hana a ɗaure shi, amma an soke iƙamarsa aka mayar da shi gida. Ni na yi zaman kurkuku, inda mai rawar ƙafa ya koyi zama dole, sannan aka tasa ƙeyata Najeriya.

Da na dawo ban iya barci ba sai da na je Maraɗi. Na same shi a ƙofar gida, matarsa na shanya wanki, ita da ba ta ga Makka ba. Na durƙusa na yi kuka. Ya ce, "Na yafe maka, don ni ma ina neman yafiya wajen Allah." Na miƙa masa tsarabar da na zo da ita a leda. Bai karɓa ba. Ya ce, "Buɗe ta tukuna, a gabana."

Samari, kurkuku bai yi mini zafin wannan kalma ba. Na tuba, kuma ina roƙon ku: in gaggawa ta taso muku, ku zauna har ta wuce. Abin da ba za ku iya buɗewa gaban wanda kuka aika ba, kada ku ɗora masa. Dabino ne kawai a ledar nan, amma sai da na kwance ta a gabansa.