Santin da Na Yi a Panyu

Bokona bai wuce ajin da ake rera baƙaƙe da ƙarfi ba, amma akwai fanni guda da na ƙware a kansa ba malami: cin abinci baki a rufe. Tun da na auri Hajiya ban taɓa santi a gabanta ba. Ba wai ba ta iya girki ba, Allah ya sani miyar kukarta kan sa maƙwabci ya tuna yana da saƙon da zai kawo. Gasa ce muka ƙulla tun tana amarya. Ta ci alwashin sai daɗin girkinta ya sa na saki zance a kan kwano, ni kuma na ce sai dai ta ji a salansa. Har muka yi jikoki tana ajiye abinci ta koma gefe ta kasa kunne, ni kuwa ina haɗiye yabo tare da loma.

Da wannan mutunci nawa na zo Guangzhou sarin kayan sawa a kasuwar Canaan, na bar ta a Kano. Abokin zamana wani Badamagare ne mai harkar tura kaya, tsoho kamar ni, kuma kun san Kanawa da Damagarawa ba a raba mu da tsiya. Wata Juma'a bayan an sauko ya ce, "Bakano, tashi, mutanen Koriya suna bikin abinci a Panyu."

Na ce, "Ni da likita ya hana ni yawo?"

"Kyauta ake ɗanɗanawa."

"To, ka fara da nan mana, bawan Allah."

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya yi ta lilo da ni har gyangyaɗi ya ɗauke ni, saboda haka ban san iyakar barci da farkawa ba sa'ad da muka hau sama. Ana yayyafi marar ƙarfi, irin wanda ba ya jiƙa mutum sai dai ya shafe shi. An jera rumfuna a wani fili, an rataya fitilun takarda tun rana ba ta faɗi ba, tururi na tashi daga tukwane yana haɗuwa da yayyafin, mutane na ratsawa ciki kamar ba sa taka ƙasa.

Mun manta da manyan rigunanmu na masallaci a jikinmu. Kafin mu kai rumfa ta biyu, rabin filin ya bar kallon abinci ya koma kallonmu. Wayoyi suka ɗago. Wata yarinya ta kama gefen rigata tana lalubar aikin zaren, uwarta na ba ni haƙuri da kai. Badamagare ya fara tafiyar ƙasaita yana raba gaisuwar "nihau" hagu da dama.

Na ce, "Sannu, Sarkin Damagaram."

"Kai dai biyo ni a hankali, bafade."

An miƙo mana kabeji ja wur da yaji, wanda aka bari ya kwana har ya yi tsami. Na ci, na yi shiru. An kawo wani tuwon shinkafa mulmulalle cikin jar miya. Na ci, na yi shiru. Masu waya suna jiran fuskata ta motsa, ba su san da tsohon soja suke yi ba.

Sai wani ƙamshi ya zo ta bayana ya dafa ni.

Na bi shi har rumfar ƙarshe, inda wata tsohuwa 'yar Koriya ke tsaye kan ƙaramar baƙar tukunyar ƙasa. Badamagare ya yi binciken da ya wajaba: ya danne hancinsa sama da yatsa, ya yi gurnanin alade, ya ce, "Lawban?" wato mai shago. Tsohuwa ta yi dariya har ta dafa tebur. "Meyo, meyo!" Babu. Ta nuna mana ƙananan busassun kifi, da awara, da wani abu ruwan ƙasa a tulu, ta ɗebo a cokali ta kai min hanci.

Jama'a, daddawa ce. Ta waken suya, daga wata ƙasa can da ban san gabas ɗinta ba, amma daddawa ce.

Aka zaunar da mu a teburin gaba. Badamagare ya dube ni ya ce, "Cire hular nan, na ga alamar miyar nan za ta kwashe ka." Na ce hular da Hajiya ba ta sa an cire ba, ba a haifi mai sawa ba.

Cokali na farko, surutun filin ya ja baya. Na biyu, yayyafin ya ɗauke, rana ta buɗe a tsakar gidanmu na dā, gidan haya mai bishiyar dalbejiya. Ga tabarma an shanya daddawa baƙi ƙirin, ga kaza na zagaye tana neman sa'a. Ga Hajiya ba ta zama Hajiya ba tukuna, siririya, ɗankwali ya zame, tana fifita murhu da murfin kwano, hayaƙi ya sa idonta ruwa. Ta zubo miya ta ajiye, ta koma bakin ƙofa ta yi kamar tana tsintar shinkafa. Ina ganin kunnenta. Na daɗe a wurin, ban san ko minti ne ko shekara ba.

Tafi ne ya dawo da ni. Tsohuwa na sunkuyawa tana godiya, wayoyi sun yi min rumfa, Badamagare kuwa yana kwance a kan tebur, hawaye shaɓe-shaɓe don dariya.

"Me ya faru?"

"Lacca ka yi, Bakano. Da ɗaga cokali sama."

Na roƙe shi da girman zumunci. Ya ce shi bakinsa alaikum, amma wayoyin mutanen gari ba su san zumunci ba. Haka kuwa aka yi. Hoton ya zaga wayoyinsu, ɗalibanmu na jami'a suka tsinto shi, daga nan ya hau jirgin da ba ya biyan kuɗin awo. Kwanakin nan ko barcin kirki ban yi ba. Shekaru matar nan tana jiran kalma ɗaya, na je na zubar da buhu guda a gaban tukunyar wata.

Ranar da ta kira, ina tsakiyar Canaan, na shige bayan wani tulin wanduna.

"Alhaji, an wuni lafiya? An ce ana ta wa'azi a Chana."

"Hajiya, sharrin Damagarawa ne."

"Na gani da idona. Ka san abin da ka ce?"

Wallahi ban sani ba, na kasa kallon abin.

Ta ce, "Cewa ka yi, 'Amarya, bar shinkafar nan ki zo ki ji, yau daddawarki ta ji rana.' Sau nawa ma."

Sai na ce ai ka'ida sai a kan girkinta, wannan kuwa wata ce ta dafa, saboda haka a shari'ance gasa tana nan.

"Ita ta dafa, ni aka kira. Ka gaishe min da baiwar Allah, ka ce ta rage gishiri, kana da hawan jini." Ina jin ƙarar murfin tukunya daga can Kano. "In ka dawo kuka zan kaɗa. Ka taho da hular a hannu."