Rahoton da Kyaftin Rifkatu Ta Rubuta a Kan Kanta

Har yau da na yi ritaya ban manta da wata Talata cikin damina ba. Lokacin ina mataimakin shugaban hasumiya, wato ɗakin da muke ba jirage umarnin tashi da sauka. Akwai wani yanki da sojoji ke atisayen harbi, an hana jiragen farar hula ratsa samansa. Matuƙin da ya shiga yana iya rasa lasisinsa.

Ranar, wata matuƙiya, Kyaftin Rifkatu, 'yar Unguwar Boro, ta taso da ƙaramin jirgi da fasinja shida. Hadari ya tare mata hanya, garin kaucewa ta kutsa gefen yankin na 'yan mintoci. Radarmu, na'urar hango jirage, ba ta kama jirgin da ya yi ƙasa-ƙasa a ɓangaren, saboda haka ba wanda ya gani. Tana sauka sai ga ta ta hawo bene tana haki.

"Oga, na shiga inda aka hana," ta ce wa shugabanmu, Alhaji Sani. "A ba ni fom in rubuta."

Ya kalle ta ta saman tabarau. "'Yata, kin san abin da kike jawo wa kanki?"

"Na sani, Baba."

Ƙa'ida ita ce shugaba ya tura rahoton ga kwamiti haɗe da shawararsa. Ni nake rage wa Alhaji hanya, in sauke shi Makera in wuce Trikania. Da yamma muna cikin gosulo a kan gada gardama ta kaure. Ya ce, "Yakubu, da sojoji na harbi fa? Rai bakwai! Don ta faɗa da bakinta shi ke nan laifi ya goge?"

Na ce, "Bai goge ba, Alhaji. Amma in aka ƙwace lasisinta, wa zai sake zuwa ya faɗa? Sai dai mu ji ranar da jirgi ya faɗo."

Muka iso Makera. Da ya fita ya bugo ƙofar motar da ƙarfi, sannan ya dawo ya leƙo ya ce in gaida Madam.

Washegari ya miƙo mini abin da ya rubuta: ba ganganci ba ne, ita ta kawo kanta, a tura ta horon mako biyu, kada a taɓa lasisinta. Kwamiti ya amince.

Kafin damina ta wuce, wasu matuƙan suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna sosa ƙeya. Su ma hadari ya sha tura su wurin, tsoro ya sa suka yi shiru. Ashe hanyar jiragen ce ta yi kusa da yankin da yawa. Aka zauna da sojoji aka gyara taswira.

Ku da kuke hasumiya yanzu, ban ce a yafe wa mai ganganci ba. Amma mu muna ƙasa ne, su ke cikin gajimare, abin da suka ɓoye ba mu da hanyar saninsa. In matuƙi ya zo muku da rahoton kuskurensa, ku fara ba shi kujera.