Ledojin da Muka Ƙi Yagawa

Ranar wata Litinin ce a farkon daminar 1977, muna tsakiyar rera biyu-sau-biyu-huɗu, sai muka ji ƙugin mota ta baro titin Jibiya ta nufo makarantarmu. Wa zai tsaya! Kafin Malam Ilu ya juyo daga allo, ajin ya watse, wasu ta ƙofa, wasu ta taga. Motar ma'aikatan gandun daji ce, bayanta shaƙe da ƙananan itatuwan bedi, wato dogonyaro, kowanne tsaye cikin wata baƙar jaka mai sheƙi da taushi. Ni dai tunda uwata ta haife ni ban taɓa ganin irinta ba. Muka yi ta shafawa muna ihu. Direban ya yi dariya ya ce sunanta leda.

Ƙauyenmu yana gab da Magama, idan ka tsaya bayan makaranta kana hango manyan motocin da ke jiran tsallakawa Maraɗi. Shekarun nan ne kuɗin mai suka shigo ƙasa, gwamnati ta ce kowane yaro sai ya yi boko, har mu mata. Aka gina mana aji biyu masu rufin kwano a fili fetal, babu ko inuwar da kaza za ta fake, domin farin da aka yi shekarun baya ya cinye itatuwa, abin da ya rage kuma gatari ya ƙarasa. Idan iskar hadari ta taso, rairayi ne ke shigowa har cikin littattafanmu. Malamai ba su isa ba, shi ya sa aka ɗauko Malam Ilu, ɗan garinmu da ya gama firamare ya rasa abin yi, yana dako a bakin iyaka, yana sauke buhuna daga wannan mota zuwa waccan. Ba shi da takardar malanta. An dai tura shi Katsina kwas na 'yan makonni a kan itatuwa da ƙasa da yadda hamada ke matsowa, ya dawo mana da zumuɗi kamar wanda ya dawo daga Makka. Kullum sai ya fitar da mu waje, ya sa mu damƙi ƙasa mu shinshina, ya nuna mana bambancin ƙasar ƙarƙashin gawo da ta fili. Muna son sa ƙwarai, don shi kaɗai ne malamin da ke yin langa da yara maza ya faɗi a yi masa dariya.

Wani jami'i da ya zo tare da motar bai ɓoye komai ba, a gabanmu ya yi magana. Zai dawo bayan ƙaramar salla. Malamin da itatuwansa suka rayu za a ba shi gurbi a kwalejin horon malamai, wanda kuma nasa suka mutu, to masu takarda suna nan tafe, sai ya ba su wuri. Duk mun gane abin da ake nufi, wato Malam Ilu zai koma dako.

Da motar ta tafi, Malam ya ɗauki itace ɗaya ya nuna mana. Ya sa reza ya tsaga ledar daga sama har ƙasa, ya zare ta a hankali, ƙasar ta tsaya dunƙule da saiwa a ciki. Ya maimaita har sau uku: "Ku yaga ledar, kada ku taɓa ƙasar." Makaranta ba ta da shinge, awaki kuma ba su da kunya, sai ya ba kowa biyu ya kai gida ya dawo da su da safe. Na rungumo nawa kamar tagwaye, ko tsayawa 'yar carafke ban yi ba ranar.

To a nan aka samu matsala. A gidanmu ba a yar da komai. Gwangwanin madara ludayi ne, kwalbar turare ta man gyaɗa ce, tsohon zane kuma sai ya zama ganwo kafin ya zama tsumma. Kakata Iya tana surfe ta hango ledar, ta ajiye taɓarya, ta karɓa ta juya ta, ta ja ta, ta ga ruwa ba ya ratsa ta. Da na ce gobe za mu yaga, sai ta dafe ƙirji. "Ki yaga mi? Sabon abu garau? Ke Dije, ba ki da hankali? Wagga ai ta daddawa ce!" Na ce Malam ne ya ce. Ta ce Malam Ilu da ta goya ne zai koya mata ɓarna? In dawo mata da abinta lafiya lau, ko kuwa in ga yadda za mu kwashe. Ashe ba gidanmu kaɗai ba, duk garin haka aka yi, kamar an haɗa baki.

Washegari Malam yana can ƙarshen fili da manyan yara suna haƙa ramuka, mu kuwa muna nan muna aikinmu. Leda ba ta fita salin-alin sai ka kifa ta, ka bubbuga, ka zazzage ƙasar, ka zaro itacen da saiwarsa tsirara. Haka muka yi, muka cusa su a rami cikin rana, kowa ya ninke ledarsa ya soke a ƙugu. Malam ya zagayo bai ga ko ƙyallin leda a ƙasa ba, har yaba mana ya yi wai mun iya tsafta. Wallahi har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Kwana huɗu ganye ya langaɓe, mako guda ya koma ruwan ƙasa. Malam ya yi ta jido ruwa daga rijiya da kansa, yana tona gindin itatuwa yana neman gara. Ya daina langa, ya daina dariya. Ranar da na gan shi tsugune gaban wani busasshen tsinke ya yi tagumi, sai na kasa haƙuri. Na je na tsaya a bayansa, na zaro ledar da Iya ta zuba mini gyaɗa a ciki, na miƙa masa ina kuka, na faɗi komai. Na rufe ido ina jiran bulala. Can sai na ji ya fashe da dariya har yana buga cinya. Ya ce, "Laifina ne. Na koya wa 'ya'ya, na manta da iyayen."

Da la'asar ya zo gidanmu, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban Iya. Bai ce ta yi kuskure ba, ai bai isa ba. Kawo mata itacen da ya mutu ya yi, ya nuna mata siraran saiwoyin da suka tsintsinke, ya ce kamar a yaye jariri ne rana tsaka. Sannan ya gaya mata abin da jami'i ya ce. Iya ta ce, "Dako kuma? Da raina?" Ta tashi ta zazzage daddawarta a ƙwarya. Kafin rana ta faɗi ta zagaye gidaje, ta dawo da ledoji cike da zanenta, kuma ko ɗaya ba ta huje ba.

Ita ce ma ta tuna masa cewa ƙarƙashin manyan bedin da ke bakin iyaka, inda direbobi ke shan inuwa, 'ya'yan da suka zuba suna tsirowa da damina kamar ciyawa. Kai, hutun makarantar da ya biyo baya ban taɓa yin irinsa ba! Da safe mu gama kai abinci gona, mu ruga iyaka da ƙorai. Direbobin Nijar suna tsokanarmu suna cewa 'yan Najeriya kuɗi sun yi musu yawa har sun koma tonon ciyawa, amma su ne ke ara mana wuƙaƙe. Mukan yanko kowane tsiro da ƙasarsa, Iya da ƙawayenta suna zaune suna cuɗa rairayi da takin awaki suna cika ledoji. Maza suka kewaye wurin da muka jera su a bayan aji da ƙaya. Da azumi ya kama, mu yara da ba mu kai ba muka karɓi ban ruwa, muna tafe da tuluna muna waƙar gaɗa.

Bayan salla jami'in ya dawo. Ya bi layin busassun itatuwa fuskarsa a murtuke. Malam bai yi masa ƙarya ba, ya faɗi yadda aka yi, sannan ya kai shi bayan aji. Ga ledoji jere reras, kowace da tsiro kore shar, ga Iya tsaye da sanda tana korar akuya. Mutumin ya daɗe yana kallo. Ya tambayi wa ya koya wa tsofaffin nan renon itace, Iya ta ce, "Ɗanmu." Ya juya ya ce wa Malam ya haɗa kayansa, wata mai zuwa zai tafi kwaleji. Muka ɓarke da ihu, mata suka rangaɗa guɗa, yara maza suka ɗaga Malam sama har hularsa ta faɗi.

Sai ranar da ya hau mota da akwatinsa muka gane abin da muka yi. Mun yi ta murna, ashe tafiyarsa muke wa aiki. Da ya gama karatu wani gari aka tura shi, bai sake koyar da mu ba.

Bara na je garin. Itatuwan da muka dasa daga ledojin nan sun yi girman da mutum biyu ba sa rungume ɗaya, amma ajin babu kowa, don rashin kwanciyar hankali ya kori mutane da yawa zuwa cikin Jibiya. A da muna da yara ba inuwa, yanzu ga inuwa ba yara. Na zauna a ƙarƙashinta na daɗe, ina ta son in ji an kira sunana daga cikin ajin.